Ina ne gabas a ɗakinka?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ke gab da ƙarewa ya ajiye sai ya samu ta dare. Amma kafin ka wuce, ga tambaya ɗaya: a inda kake zaune yanzun nan, ba tare da ka taɓa waya ba, za ka iya ɗaga hannu ka nuna gabas?

Ni dai a watan Yunin da ya wuce na kasa.

Waɗanda muke karatu tare a nan Ibadan sun san irin ɗakunan da muke haya a bayan makaranta. Kuɗin tsohon ɗakina ya ƙare, na samu wani a can cikin lungu. Ranar da na kwashe kaya ana ta ruwa tun safe, sai da almuru na isa. Na tarar unguwar babu wuta, wai tiransifoma ta ƙone. Wayata kuwa tun la'asar ta mutu. Na yi alwala, na warware darduma, sai na tsaya tsakar ɗaki riƙe da ita kamar wanda aka aika ya manta saƙo. Bango huɗu, duk iri ɗaya. Shekara biyu ke nan a garin nan waya ce ke nuna min alƙibla, ita ke kira min sallah, ita ke faɗa min gari ya waye.

Na ƙwanƙwasa wa maƙwabcina, wani bawan Allah ɗan kudu mai kirki. Na tambaye shi ina rana ke fitowa a gidan nan. Ya yi dariya, ya ce shi ma shekararsa uku a nan bai taɓa lura ba. Na dawo na zaɓi bangon da zuciyata ta fi kwantawa da shi. Da asuba ma shi na fuskanta. Ina zaune kan darduma gari ya fara wayewa, sai na ga inuwata a jikin bangon da ke gabana. Hasken ta bayana yake shigowa, ta taga. Ashe ƙeya na juya wa gabas. Na tambayi limaminmu hukuncin daga baya, wannan zancen wata rana ne.

Abin da ya sa kunyar ta ninku shi ne takardun da ke cikin jakata a daren. Ina digiri na biyu a kimiyyar harshe, kuma a zangon nan aka ba ni semina a kan yadda harsuna ke bayyana wuri da kusurwa. Kusan rabin abin da nake karantawa a kan Aborijin ne, wato 'yan asalin Ostireliya, mutanen da ke zaune a ƙasar dubban shekaru kafin Turawa su san da ita.

Bari in ɗan ba ku labarinsu, don wallahi ya cancanci a ji.

A can arewa maso gabashin Ostireliya, a jihar Queensland, akwai wani ƙaramin gari Hope Vale, kusa da Cooktown. Mutanensa na da harshe mai suna Guugu Yimithirr. Ko ba ka taɓa jin sunan ba, ka san kalma ɗaya daga cikinsa. A 1770 jirgin ruwan Kyaftin James Cook ya daki murjani ya fashe, aka ja shi bakin kogi a yankin don gyara. A zaman da suka yi, mutanensa suka ji ana kiran wata dabba mai tsalle "gangurru". Daga nan sunan kangaru ya bazu duniya.

Abin da ya sa masana ke tururuwa zuwa wurinsu daban ne. Su ba sa amfani da hagu da dama wajen faɗin inda abu yake. Kusurwa huɗu suke aiki da su: gungga arewa, jiba kudu, naga gabas, guwa yamma. Kuma ba sai a tafiya mai nisa ba, har a kan tabarma. In za a ce ka ɗan gusa, sai a ce matsa gabas kaɗan. In ana neman wuƙa, a ce tana kudu da kwano. Ka ga ke nan ko hira ba za ka iya yi ba sai ka san inda kake fuskanta, a kowane lokaci, a ɗaki ko a daji. Yaro ma da haka yake tashi, yana lura da rana, da inda iska ke kaɗowa, da shimfiɗar ƙasa, har abin ya zame masa jiki.

Masana biyu, John Haviland da Stephen Levinson, sun ɗauki hoton bidiyon wani dattijonsu yana ba da labarin yadda kwalekwalensa ya taɓa kifewa a teku. An ɗauka sau biyu, a 1980 da 1982. A kowane zama kusurwar da ya fuskanta daban ce. Amma da aka duba motsin hannayensa, sai aka ga duk sau biyun yana juya kwalekwalen ne zuwa ainihin kusurwar da ya kife ranar da abin ya faru. Dattijon bai ajiye labarin a kansa da "hagu" ko "dama" ba, ya ajiye shi ne yadda yake kwance a doron ƙasa.

Akwai kuma mutanen Pormpuraaw, a gaɓar yamma ta wannan yankin, masu harshen Kuuk Thaayorre. A 2010 Lera Boroditsky da Alice Gaby suka fitar da bincike a kansu. An ba mutane hotuna, misali na mutum tun yana yaro har ya tsufa, aka ce su jera bi da bi. Mai boko zai jera daga hagu zuwa dama. Mu da muka fara da allo wataƙila mu jera daga dama zuwa hagu. Su kuwa daga gabas zuwa yamma suke jerawa. In mutum na fuskantar kudu, jerin ya tafi daga hagunsa zuwa damansa. In aka juya shi arewa, jerin ya juya. In yana kallon gabas, sai ya jero hotunan suna tahowa wajen ƙirjinsa. Ba wanda ya faɗa musu ina ne gabas. A wurinsu lokaci hanyar rana yake bi.

Ko duhu ma karanta shi suke yi. Mu in mun ɗaga kai da dare taurari muke haɗawa, mu ce ga kaza da 'ya'yanta, ga zara matar wata. Wasu al'ummominsu, irin su Kamilaroi, suna duba baƙaƙen gurabe ne da ke cikin farin zanen taurarin nan mai ratsa sama. A ciki suke ganin siffar emu, wani babban tsuntsu mai kama da jimina. Yadda siffar ke kwanciya yana canzawa da watanni, shi ke nuna musu lokacin da tsuntsun ke saka ƙwai.

To ka ji mutanen da nake shirin tsayawa gaban aji in yi bayani a kansu, ni da na sallaci yamma.

Kwana tara aka yi babu wuta. Kuɗin caji a shago yana neman ya fi na abinci, laburare kuma da nisa ga ruwa. Dole na ja teburina jikin taga, na cire tsohon zanen gadon da na yi niyyar ratayawa a matsayin labule, na koma karatun takarda da biro. A tsohon ɗakina labule a sake yake dare da rana, ƙwan lantarki na ci, sau da yawa ban san an yi la'asar ba sai waya ta yi ƙara. Yanzu taga ce agogona.

A kwana na uku na fara lura da wani abu: duk yanayin da hasken ya shiga, ina da sunansa a bakina, sunan da na daɗe ban furta ba. Akwai jijjifi, lokacin da ba ka iya bambance fuskar mutum. Sai alfijir ya keto. Sai gari ya yi sha, rana ta hudo. Sai hantsi, leƙa gidan kowa, kuma wallahi yana leƙo nawa, ya kwanta a kan tebur kamar mage. Sai walaha, sai rana ta take tsaka inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Sai azahar, la'asar, la'asar sakaliya da hasken ke yin ja-ja a jikin kwanon rufin maƙwabta, sai almuru. Kalmomin nan duk na san su tun ina yaro, amma na musanya su da "ƙarfe goma" da "fo tati". Yaushe rabon da in ce wa wani mu haɗu da walaha?

Sai kuma na tsaya a kan kalmar yamma. Ita ce kusurwa, ita ce kuma lokaci. In na ce zan zo da yamma, ma'anarsa zan zo in rana ta koma yamma. Abin da nake ta mamaki a wurin mutanen Pormpuraaw ga ɗan uwansa a cikin bakina ban taɓa ji ba. Kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda dattawa ke kwatance: gonar tana arewa da rafi, gidan yana gabas da masallaci. Ba na cewa Hausa da Guugu Yimithirr tsarinsu ɗaya, mu muna da hagu da dama muna kuma aiki da su sosai. Amma muna da wannan ilimin, a hannunmu ne yake zubewa.

Na kuma gano rana ba wuri ɗaya take fitowa duk shekara ba. A Yuni tana karkata arewa, a Disamba ta karkata kudu. Daga Ibadan alƙibla gabas ce mai karkata arewa, don haka a watan Yuni inda rana ke hudowa kusan nan ne alƙibla. Wato amsar da na nema a daren nan kullum da safe tana zuwa tagata da kanta.

Ranar da na samu caji na kira gida Bauchi, aka kai wa Kaka waya.

Ta ce, "Maigida, an ce ka yi sabon ɗaki ba ka zo ka ɗauki amaryarka ba."

Na ce, "Tsohuwa, ai sai kin yi sabbin haƙora tukuna."

Ta yi dariya har da tari. Sai ta ce, "Ƙofar ina take kallo?"

Ku lura, ba ta tambayi fanka ko tayil ba. Kuma da a makon da ya wuce ne da na yi ta kame-kame. Na ce mata ƙofa kudu, taga gabas. Ta ce, "To ka dace, hantsi zai riƙa gaishe ka. Ka dinga jan katifa wurin, ƙasar nan taku ta ruwa ce."

A nan ne wani abu ya faɗo min. Kakata Bageriya ce. Geranci ta buɗi baki da shi, Hausa daga baya ta koya. Baba yana ji amma ba ya mayarwa. Ni kuwa ban wuce gaisuwa ba, ita ma a karkace. Na ce, "Kaka, yaya ake cewa hantsi da yarenku?"

Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai ta faɗa. Na sa ta maimaita sau uku ina rubutawa a bayan takardar seminata. Ta ce, "Ikon Allah. Ko ubanka bai taɓa tambayata wannan ba."

Na ce to walaha fa? Ta fara, ta tsaya. Ta ce yana bakinta, bari ya zo. Can ta ce, "Bari in aika a tambayo min ƙawata ta bayan gida." Sai ta sake yin shiru, ta ce, "Af. Ai ta rasu bara."

'Yan uwa, na daɗe zaune bayan mun ajiye waya.

Ga abin da ke rubuce a takardun da ke gabana. Lokacin da Turawan Ingila suka kafa zama a Ostireliya a 1788, ana magana da harsuna sama da 250 a ƙasar. Rahoton da gwamnatinsu ta fitar a 2020 ya ce 123 ne ake amfani da su ko ake ƙoƙarin farfaɗowa, kuma 12 kacal ne ke da ƙarfin da yara ke tashi da su a gida. Masu Guugu Yimithirr ɗin nan ba su kai dubu ɗaya ba. Kuma ba haka kawai harsunan suka ɓace ba. An ƙwace ƙasa, an kashe mutane, an tattara saura a sansanoni. Daga wajen 1910 zuwa 1970 hukuma ta riƙa raba yara da iyayensu tana kai su gidajen reno da na mishan, inda ake hukunta yaro in ya yi yaren uwarsa. Sai ranar 13 ga Fabrairu 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafararsu.

Ina karanta wannan ina jin haushin Turawa, ina tuna tarar "banakula" da aka ci mu a firamare don mun yi Hausa a aji. A raina mu ne waɗanda aka zalunta. Wayar Kaka ce ta juyo min da madubin. A gidanmu ba Turanci ne ya ture Geranci ba. Hausa ce.

Kar wani ya yi min mummunar fahimta. Ba a ɗauke Baba daga hannun uwarsa ba, ba a kai kowa sansani ba, kuma haɗa abin da aka yi wa Aborijin da namu rashin adalci ne gare su. Hausa ta kasuwa ta shigo, ta aure, ta makarantar allo, ta rediyo. Amma Baba ya taɓa faɗa min cewa da suka shigo gari yana yaro, in ya yi yaren sai yara su yi ta dariya suna ce masa baƙauye, shi ya sa ya haɗiye shi. Dariya ba bulala ba ce, amma ta yi aikin. Nijeriya na da harsuna sama da 500, kuma a littattafanmu na kimiyyar harshe akwai jerin waɗanda suka riga suka mutu a arewa: Ajawa da Kubi a Bauchi, Auyokawa da Teshenawa a Jigawa. Jikokin masu su suna nan da ransu, Hausa suke yi, wataƙila wani ma yana karanta rubutun nan.

Mu nan kudu kowa "Hausa" ake ce masa, ko "aboki". Mun saba har mun daina gyarawa. Amma ranar taron ƙungiyarmu ku duba zauren da kyau: akwai Babur, akwai Bolewa, akwai Tangale, Fulani, Kanuri, Sayawa, Jarawa. Hausa ce ta haɗa mu, kuma alhamdulillahi da ita, da ita nake wannan rubutun, ina kuma alfahari. Sai dai ɗaki mai taga ɗaya, kome girmanta, gefe ɗaya yake samun haske. Nawa ne a cikinmu suka bar wani yare a bakin kakarsu?

Abin da ya hana ni karaya shi ma daga Ostireliya ya zo. A birnin Adelaide akwai mutanen Kaurna. Matar da ake ɗauka ita ce ta ƙarshe da ta iya harshensu sosai, Ivaritji, ta rasu a 1929. Shekaru da dama ba mai magana da shi. Amma tun 1840 wasu Jamusawa biyu 'yan mishan, Teichelmann da Schürmann, sun buga ƙaramin littafin nahawu da kalmominsa. Wajen 1990 jikokin Kaurna suka haɗa kai da masana, cikinsu har da Rob Amery, suka ɗauko tsofaffin takardun suka fara koyo daga farko. Yau ana koyar da Kaurna a makarantu, ana raɗa wa yara suna da shi, kuma babban dandalin tsakiyar birnin yana amsa sunansa na Kaurna, Tarntanyangga, tare da na Turanci. Su ba sa cewa harshen ya mutu, cewa suke barci ya yi.

Da takarda kawai suka yi wannan, ba su da muryar kowa. Ni kuwa tawa Kakar tana raye, Geranci ma da sauran masu yinsa, kuma wayar da ta mantar da ni gabas tana iya ɗaukar murya.

Na gabatar da seminata, ta yi kyau daidai gwargwado. Bayan an tashi na bi malamina ofis na ce, "Ranka ya daɗe, ina so in canza batun kundina." Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in rubuto shafi biyar, kuma in sani aikin fili ba wasa ba ne, ba kuma mai ba ni kuɗin mota. Gaskiya ya faɗa. Har yanzu ban san yadda zan haɗa kuɗin ba, kuma canjin zai iya ƙara min zango guda, alhali a gida an ƙosa in gama in nemi aiki. Baba da na faɗa masa cewa ya yi, "Yaren da ba a cin abinci da shi?" Amma bayan kwana biyu shi ya kira ni da kansa, ya ce akwai wani tsoho a ƙauyensu da ya fi Kaka riƙe tsofaffin kalmomi, in na zo zai raka ni.

In Allah Ya kai mu hutu zan hau motar Bauchi. Jerin farko da zan tambaya na riga na rubuta: sunayen lokutan yini tun daga jijjifi har talatainin dare, sai kusurwoyi huɗu, sai taurari. Kalmar hantsin da Kaka ta ba ni ba zan saka ta a nan ba tukuna, sai na zauna gabanta na ji karin sautin da kunnena, kar in fara aikin da ɓata mata harshe.

An gyara tiransifoma tuni, amma teburin yana nan jikin taga, zanen gadon kuma ya koma kan gado. Ban ce kowa ya canza kundinsa ba, mai injiniya ya yi injiniyarsa, mai likitanci ya yi nasa. Abu biyu kawai nake roƙo. Gobe da safe ka ɗaga labule ka ga ta ina rana ke shigo maka. Sannan in kana da tsoho ko tsohuwa a gida mai wani yare, ko ma Hausar ce irin ta da, ka kira ka tambayi kalma ɗaya, ka danna rikodin. Kar ka ce sai an yi hutu. Ƙawar Kaka ma bara warhaka tana nan.

Ku sa Kaka a addu'a, ƙafa na damunta kwana biyu. Jiya ta sa an kira ni tun da sassafe, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Maigida, ɗauko bironka. Walahar nan ta dawo min cikin dare."

Allah Ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema, Ya maida mu gida lafiya.